Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Yanayi da Alamci a Zanen "Nijeriya a 1959" na Demas Nwoko

Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Duk mai zana kamannin mutum da wannan magana yake cin abinci, domin ba ya iya sa wa wanda ya zana murya. Abin da ke hannunsa shi ne fuska, da irin zama ko tsayuwa, da tufafi, da wurin da haske ya sauka. To, me za a ce da mai zanen da ya tara mutane a allo guda, ya buɗe fuskokin wasu har ana karanta gajiyar da ke cikinsu, sannan ya lulluɓe na wasu da duhu har sai an ƙura ido kafin a tabbatar suna wurin? Abin da Demas Nwoko ya yi ke nan a 1960, yana ɗalibi a Zariya, a zanensa mai suna Nigeria in 1959, wato Nijeriya a 1959.

Ɗalibin adabi ya saba warware waƙa ta hanyar jigo da zubi da tsari da salo. Da waɗannan kayan aiki zan tunkari zanen, domin shi ma magana ce tsararriya, sai dai launi ne ya maye gurbin lafazi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, Nwoko ya ɗauki tsarin hoton hukuma, wanda a cikinsa haske rabon mai mulki ne, ya juya ma'anarsa: hasken da ke kan Turawa ya zama tonon asiri, duhun da ke kan sojoji ya zama sutura. Zan kuma nuna cewa mai kallo daga wannan yanki namu na Tsafe da Gusau da Bunguɗu yana da dalilin da zai hana shi gaggawar ɗaukar wannan duhu a matsayin bushara.

Mai Zanen da Zamaninsa

An haifi Nwoko a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin Jihar Delta ta yanzu, kuma ɗan gidan sarautar garin ne. Ya zo Zariya a 1957, ya shiga sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Akasarin malaman sashen Turawan Ingila ne, kuma darasin da suke bayarwa irin na makarantun ƙasarsu ne, babu gurbin fasahar gida a cikinsa. Saboda haka a 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da shi Nwoko, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Aƙidarsu ita ce a karɓi dabarun zamani, amma a aurar da su ga abin da aka gada, yadda ɗan da za a haifa zai yi kama da gidansu.

Ita kuwa shekarar da ke cikin sunan zanen, shekarar tsaka-tsaki ce. Ranar 15 ga Maris, 1959, Jihar Arewa ta sami mulkin kai, shekara 56 cif bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa. A watan Mayu aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna domin bikin. A Disamba aka yi zaɓen tarayya, kowa kuma ya san cewa ranar 1 ga Oktoba, 1960, za a sauke tutar Ingila. Duk da haka Gwamnan Arewa, Sir Gawain Bell, yana nan a kujerarsa, Razdan da Di'o suna nan a larduna, manyan hafsoshin soja kuma Turawa ne. Wato mulkin ya riga ya ji ranar mutuwarsa, amma bai daina fita ofis ba. Wannan ɗan tsakani ne Nwoko ya kama.

Zubi da Tsari

Zanen da fentin mai aka yi shi a kan allo, kuma tsarinsa sahu biyu ne. A sahun gaba jami'an Turawa ne zaune cikin kayan aiki. Fuskokinsu dogaye ne, sun koɗe, sun zuba, kamar na wanda ya kwana bai runtsa ba. A bayansu sojoji ne baƙar fata a tsaye, waɗanda jikinsu da fuskokinsu suka kusa narkewa cikin duhun bayan zanen.

Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin hotunan zamanin mulkin mallaka zai gane wannan tsari nan take. Haka ake ɗaukar hoton hukuma: babba ya zauna a gaba, na ƙasa su tsaya a baya. Ko a fadar Bahaushe tsarin ba baƙo ba ne, sarki na zaune, dogarai na tsaye. Irin wannan hoto aikinsa ɗaya ne, wato ya shaida wa mai kallo cewa kowa na wurinsa, kuma haka abin zai ɗore. Shekara uku kafin zanen Nwoko, a 1957, Ben Enwonwu ya kammala mutum-mutumin tagulla na Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana zaune cikin natsuwa da kwarjini. Wannan shi ne harshen da hukuma ta saba a yi mata magana da shi.

Nwoko bai rushe wannan tsari ba, kuma a nan gwanintarsa ta fara. Da ya zana tarzoma, ko ya ɗaga sojoji sama da iyayen gidansu, da ya yi irin zanen farfaganda da ake mannawa a bango, a karanta sau ɗaya a wuce. Sai ya bar kowa a inda doka ta ajiye shi, ya cire wa tsarin ruhinsa kawai. Abin ya yi kama da mawaƙin da ya ɗauki karin waƙar yabo ya zuba zambo a ciki: kiɗan na fada ne, amma wanda ya kasa kunne zai ji sara. Goya na Sifaniya ya yi makamancin haka a farkon ƙarni na 19, da ya zana iyalin Sarki Carlos na Huɗu cikin ado da lambobi, ya bar fuskokinsu su faɗi abin da adon ke ɓoyewa.

Yanayi

Yanayin zanen jira ne, amma jira iri biyu. Na Turawan jiran wanda ya ɗaure kaya ne, yana zaune a tasha, ba shi da sauran abin faɗa wa mutanen garin. Ba fushi a fuskokinsu, ba kuma izza irin ta wanda ya ci ƙasa da yaƙi. Abin da ake gani gajiya ce da sanyin gwiwa. Kayan sarki suna nan a jiki, amma kamar an rataye su ne, domin mutanen da ke ciki sun riga sun tafi da zuciya. Na sojojin kuwa jira ne wanda ba a san abin da ke ƙarshensa ba. Suna tsaye kamar yadda aka horar da su, ba su karya doka ko ɗaya ba, amma tsayuwar ta daina kama da gadi.

Idan aka haɗa jiran nan biyu a allo guda, abin da ke fitowa shi ne zullumi. Yana kama da shirun da kan sauka a zaure idan an taru raba gado, kowa ya san abin da ya kawo shi, amma ba wanda ya fara magana. Mai kallo kan ji wannan nauyi tun kafin ya tambayi tarihin zanen, domin ya ga abin da na zaune ba sa gani. Su gaba suke fuskanta, abin da zai yanke makomarsu kuma yana bayansu. Mai zanen ya sa mu a matsayin mai ɗaukar hoto, mu ne kaɗai muke ganin sahu biyun tare.

Akwai kuma abin lura a tsawon fuskokin. Masu zanen zamani na Turai, irin su Picasso a 1907 da Modigliani bayansa, sun ari miƙaƙƙiyar fuska daga sassaƙen Afirka domin su sabunta fasaharsu. Nwoko ya karɓo wannan aro ya mayar da shi kan fuskar Bature. Wanda ya saba auna wasu, ya zana su, ya rubuta su a littafi, yau shi ne aka zaunar ana nazarin kamanninsa. A fagen adabi wannan kambamawa ce, wato ƙara wa abu gishiri domin gaskiyarsa ta fito.

Haske da Duhu

Alama mafi ƙarfi a zanen ita ce rabon haske. Bisa al'ada, wanda aka haska shi ne mai daraja, wanda aka bari a inuwa kuma cikon hoto ne. Mai kallo na farko zai iya cewa Nwoko ya bi wannan al'ada. Amma a duba abin da hasken ya yi wa Turawan. Bai ƙara musu kwarjini ba. Ya nuna koɗewar fata, ya nuna zubewar kumatu, ya bar su tsirara a gaban ido duk da tufafin da ke jikinsu. Bahaushe na roƙon Allah rufin asiri fiye da yadda yake roƙon dukiya, domin ya san wanda aka gama karanta shi an gama da shi. Mulki kuwa rabinsa kwarjini ne, kwarjini kuma ba ya rayuwa inda aka ga gajiyar mai shi.

Sojojin su ne suka sami sutura. An tambayi fuskarsu labarin zuciya, ta ƙi ba da amsa. Tsawon shekarun mulkin mallaka, Bature ya dogara ne da zaton cewa ya san "yaransa", ya san wace ƙabila ce mai biyayya, wace ce mai jarumtaka. Zanen ya ƙwace masa wannan sani. A wannan allo, ƙarfi ya koma hannun wanda ba a iya karantawa.

Sai dai duhu a tunanin Bahaushe fuska biyu gare shi. Muna cewa dare mahutar bawa, muna kuma cewa dare rigar mugu. Karin maganar farko na ganin duhu a matsayin sa'ar da wanda aka danne yake samun kansa, ya yi tunaninsa ba mai leƙa shi. Ta biyu na ganin sa a matsayin mayafin mai mugun nufi. Masu sharhi kan wannan zane sun fi karkata ga fassarar da ke cewa na tsayen nan ramuwa suke jira, kuma sa'ar 'yanci ce ta kusa. Fassara ce mai hujja, amma ta ɗauki rabin duhun ta bar rabi. Nwoko bai sa murmushi a fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, bai ba su tuta ba, bai buɗe wata taga da alfijir zai shigo ba. A shekarar da ƙasa ke shirin biki, saurayi ɗan shekara 25 ya zana makomarta da launin dare. Wannan ba aikin mai murna zalla ba ne.

Su Wane ne na Tsaye?

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wace Nijeriya ce ke tsaye a bayan kujerun? Mai zanen bai zaɓi manomi ba, ko malami, ko ɗan siyasa, ko mace mai talla. Soja ya zaɓa. Zariya kuwa garin soja ce, a nan ake horar da kurata tun shekarun 1920, don haka ɗalibin da ke zaune a can ba sai an ba shi labarinsu ba. Asalin wannan runduna yana komawa ga 'yan bindigar da Glover ya tara a Ikko a 1863, waɗanda aka sani da Hausawan Glover, da kuma rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897 aka danƙa wa Lugard. Da yawa daga cikin ƙananan sojojinta 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki.

A nan ne tarihin yankinmu ya shigo cikin fassarar. Duk wanda ya taso daga 'Yankuzo ya bi ta Tsafe zuwa Gusau, sai ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi. A wannan yanki ne, cikin Fabrairun 1903, bayan faɗuwar Kano, rundunar Kanawa ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wata 'yar ƙaramar ƙungiyar sojan Turawa. Waziri ya rasu a fagen, shi ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Turawan da ke wurin biyu ne kacal. Sauran, kimanin mutum 45, baƙar fata ne, kuma su ne suka riƙe bindigogin. Jagoransu, Laftana Wallace Wright, ya sami lambar jarumtaka mafi girma ta Ingila, sunansa kuma shi littattafai ke maimaitawa. Bayan shekara uku, irin waɗannan sojoji ne aka tura suka shafe Satiru a 1906. 'Ya'yansu da ƙannensu ne kuma suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, suka dawo da sanin cewa Bature ma yana jin tsoro, yana kuma mutuwa.

Ashe ke nan na tsayen nan ba 'yan kallo ba ne a tarihin da ke ƙarewa. Da hannunsu aka kafa kujerun da ke gabansu, da ƙafarsu aka tsare su. An zalunce su da ƙaramin albashi da hana muƙami, an kuma yi zalunci da su. Wanda ya san wannan ba zai kalli duhun zanen ya ga al'umma mai tsarki tana jiran haƙƙinta kawai ba. Zai ga makami wanda mai shi ke shirin tafiya ya bar shi. Tambayar da zanen ke yi a ɓoye ita ce, idan na zaune suka tashi, wa na tsaye za su tsaya wa?

Kujera

Alama ta biyu ita ce zaman kansa. A Hausa, kujera da mulki kalma ɗaya ce a bakin 'yan siyasa: ana neman kujera, ana hawa kujera, ana sauka daga kujera. Turawan zanen masu tashi ne, amma abin da suke zaune a kai ba zai bi su jirgi ba. Tsarin sahu biyu, na zaune da na tsaye, na haske da na duhu, shi ne gadon da za a bari. Sunan zanen ma yana ƙarfafa wannan fahimta. Ba a sa masa sunan wani Razdan ko wata bataliya ba, sunan ƙasa aka sa da shekara, kamar yadda ake rubutawa a bayan hoton iyali. Mai zanen yana cewa ga kamannin gidanmu a wannan shekara, kuma ba ɗaya daga cikin sahun biyu ba ne Nijeriya, tazarar da ke tsakaninsu ce.

A nan wajibi ne mai nazari ya yi hattara. Mun san abin da ya biyo baya. Bature ya ci gaba da jagorancin sojan Nijeriya har 1965, lokacin da Janar Welby-Everard ya miƙa wa Aguiyi-Ironsi. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka fito daga sahun baya, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni, kuma tsakanin 1966 da 1999 soja ne a kan kujera mafi yawan lokaci. Yana da sauƙi a ce Nwoko ya yi duba. Wannan kuskure ne, domin ɗora wa zane abin da ya faru bayansa rashin adalci ne ga mai shi, kuma waɗanda suka kitsa juyin mulkin hafsoshi ne masu ilimin boko, ba irin ƙananan sojojin zanen ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, ya ga inda ƙarfi yake a lokacin da idon kowa ke kan 'yan siyasa da tuta, ya kuma ƙi yin alkawarin da bai da tabbacinsa.

Inda Za a Iya Tuhumar Zanen

Ba a rasa abin cewa a kan aikin. Turawan kowa da tasa gajiyar, kowa mutum ne mai zaman kansa, sojojin kuwa taro ne. Mai tuhuma zai ce, ai wannan shi ne ainihin laifin hoton mulkin mallaka, inda ake rubuta sunan Bature a ƙasa a bar sauran ba suna. Shin Nwoko bai sake binne mutanen Kwatarkwashi da na Bama cikin rashin suna ba?

Tuhumar na da nauyi, kuma ban ga an iya kore ta gaba ɗaya ba. Amsar da zanen ke iya bayarwa ita ce, bambanci na tsakanin mantuwa da ɓoyewa. Mai ɗaukar hoton hukuma bai damu da na baya ba, shi ya sa ido ke tsallake su. A zanen Nwoko kuwa ido na farawa da fararen fuskoki, ya gama da su da wuri, sannan ya koma baya ya daɗe yana lalube. Duhun ne ke riƙe mai kallo. Duk da haka, gaskiya ne cewa mai zanen daga waje ya hango waɗannan mutane. Ya san nauyinsu, bai shiga zuciyarsu ba. Labarin abin da ɗan ƙauyen Arewa ya ji da ya sa jar dara ya tsaya a bayan Bature, aiki ne da ke jiran marubutanmu da masu zanenmu.

Kammalawa

Nwoko ya bar Zariya a 1961, ya yi karatun tsara dandalin wasan kwaikwayo a Faransa, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya kuma shahara a fasahar gini, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Amma zanen da ya yi yana ɗalibi bai tsufa ba. Nazarin nan ya nuna cewa yanayinsa zullumin jira ne, alamominsa kuma uku ne: haske mai tona asiri, duhu mai fuska biyu, da kujerar da ke zama bayan mai ita ya tafi.

Mu da muke zaune a ƙasar Tsafe a waɗannan shekaru mun san abin da ake ji idan mutum ya hango mai bindiga daga nesa, bai ga fuskarsa ba, bai san ko mai tsaronsa ba ne ko mai neman ransa. Wataƙila shi ya sa zanen ke yi mana magana da wani harshe daban da wanda yake yi wa mai kallo a Ikko ko Landan. Su suna ganin ƙarshen wani zamani a fuskokin da ke gaba. Mu kuwa sahun baya muke dubawa, muna yi wa waɗannan fuskoki tambayar da aka yi musu tun 1960, har yanzu kuma muna sauraron amsa.